Kashi na 14: Mota mai ruwa biyu, wa yake biyan bashin ƙera ta?

Yau daga gida nake magana, daga Indabo a ƙaramar hukumar Wudil, saboda haka in kun ji carar zakara ko ƙarar babur a bayana sai ku yi haƙuri.

Abin da ya jawo maganar yau, wani yayana ne, ɗan wan babana, direba ne da ke jigila tsakanin Wudil da Kano. Ranar Juma'a da daddare, bayan an tashi daga kasuwa, muna zaune a majalisa sai ya miƙo min wayarsa ya ce, "Ƙanena, kai da kake ɗan boko, duba min wannan motar. An ce rabi mai rabi lantarki ce, wai ba ta shan mai, kuma ba ta ɓata iska. In sayar da tawa in cika in saya?" Kafin in buɗe baki wani abokinmu ya cafe, ya ce shi ya gani a TikTok cewa duk yaudara ce, wai ɓarnar da ake yi wajen ƙera irin wannan motar ta fi ta motar fetur. Nan fa musu ya kaure har aka tashi ba a daddale ba.

Na koma na zauna na bi maganar, kuma abin da na tarar shi ne kowannensu yana da gaskiya ta wani gefen. To ku gyara zama.

Da farko, mece ce ita wannan motar? Turawa suna ce mata haibirid, ni kuma zan riƙa ce mata mai ruwa biyu. Tana da injin fetur kamar kowace mota, sannan tana da injin lantarki da babban batir, ban da ƙaramin batirin da muka sani. In kana cikin cunkoso, a ce a Hotoro ko Mariri da yamma, sai injin fetur ya mutu, na lantarkin ya riƙa jan motar a hankali. In ka taka birki, ƙarfin da a wata motar zai tafi a banza ya zama zafi, ita sai ta mayar da shi caji cikin batir. Shi ya sa yawancinsu ba a jona su da wuta. Kamfanin Toyota ne ya fara fito da ita kasuwa da yawa, da motar Prius, a Japan a 1997. Mu kuma nan ba mu waiwaye ta sosai ba sai da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, daga baya ma ta taɓa haura 1,000. Daga nan kowane direba ya zama malamin lissafi.

To mu ma mu yi lissafin, domin kowace mota da bashi take fitowa daga masana'anta. Kafin a tayar da ita ko sau ɗaya, an riga an narka ƙarfe, an narka alminiyam, an yi roba, an yi gilashi. Tan ɗaya na ƙarfe kaɗai, kafin a same shi ana sakin kusan tan 2 na iskar kabon, wato iskar nan da ke taruwa a sama tana ƙara wa duniya zafi. Wannan bashin yana kan kowace mota. Ita mai ruwa biyu nata ya fi nauyi, saboda an ƙara mata batir da injin lantarki da wayoyin jan ƙarfe.

Nawa ne ƙarin? Kun san yunit ɗin wuta da muke saye a mitar kati. Batirin mai ruwa biyu yunit 1 zuwa 2 yake ɗauka, ƙarami ne. Na motar lantarki zalla, irin su Tesla, yakan ɗauki yunit 50 zuwa 100. Wata cibiyar bincike a Suwidin ta ƙiyasta a 2019 cewa ƙera batirin litiyam yana sakin kilo 61 zuwa 106 na iskar kabon a kan kowane yunit. Ke nan batir mai yunit 2, ko an ɗauki mafi tsanani, bai wuce kilo 200 da ɗoriya ba.

Yanzu mu dawo kan yayana. Wudil zuwa Kano kusan kilomita 40 ne, zuwa da dawowa 80. Mu ƙaddara motarsa tana shan lita 8 a sawu ɗaya na zuwa da dawowa, mai ruwa biyu kuma ta sha lita 5. Ban ce rabi ba, domin a kan babban titi ba ta rage mai kamar yadda take yi a cikin gari. Ya tsira da lita 3 ke nan. Kowace lita ta fetur in ta ƙone tana ba da kusan kilo 2.3 na iskar kabon, wato kusan kilo 7 a rana ko da sawu ɗaya ya yi. Cikin wata guda ya biya bashin batir. Ka ƙara masa wasu watanni saboda injin lantarki da sauran tarkace. In ya yi aiki kwana 300 a shekara, lita 900 ya rage, kusan tan 2 na iskar kabon, kuma in lita tana naira 900, naira 810,000 ce ta zauna a aljihunsa.

Saboda haka maganar abokinmu, ta fuskar hayaƙi, ba ta tsaya ba. Kuma tsohuwar magana ce. Tun 2007 wani kamfanin binciken kasuwa a Amurka ya fitar da rahoto wai ƙatuwar motar nan Hummer ta fi Prius sauƙin ɓarna. Masana suka bi lissafin suka ga an ba Hummer tsawon rai, an gajarce na Prius, shi ya sa sakamakon ya fito haka. An ƙaryata rahoton tuntuni, amma har yau yana yawo a wayoyi da sabuwar riga.

Sai dai fa akwai bashi na biyu, kuma a nan abokin namu yake da gaskiya ko da bai san dalili ba. Bashin hayaƙi ana biyansa da tuƙi. Bashin ƙasa da ruwa da lafiyar mutane, ko ka yi tafiyar kilomita miliyan ba ka rage ko sisi a ciki ba, domin wasu mutane ne daban, a wani wuri daban, suka riga suka biya.

Bari mu buɗe batirin mu ga abin da ke ciki. Tsofaffin masu ruwa biyu, irin waɗanda suka fi shigowa nan, batirinsu na nikel ne. Sababbi da yawa na litiyam ne, wanda galibi akan haɗa shi da nikel da kobalt. Injin lantarkin kuma yana da wani maganaɗisu mai ƙarfin gaske da ake yi da wani ma'adini mai suna niyodimiyam. Kowanne da garinsu.

Nikel, fiye da rabin wanda duniya ke haƙowa yanzu daga Indunisiya yake, daga tsibirai irin su Sulawesi da Halmahera. Ana share daji, a kwashe jar ƙasa, a narka ta da wutar da aka samar da kwal. Masunta a wajen suna kukan cewa bakin tekunsu ya koma ja.

Kobalt, kusan kashi 70 cikin 100 daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango yake, musamman yankin Kolwezi. Akwai manyan kamfanoni, akwai kuma talakawa masu haƙa da diga da shebur, suna shiga ramuka masu zurfi ba tare da wata kariya ba. A 2016 ƙungiyar Amnesty International ta fitar da rahoto a kan yara ƙanana da ke wanke duwatsun nan suna tsince su.

Niyodimiyam da danginsa, kusan kashi 90 cikin 100 a ƙasar Sin ake tace su. Kusa da birnin Baotou akwai wani makeken tafki da mutum ya yi da hannunsa, babu komai a ciki sai baƙin dagwalon da ya rage bayan an wanke ma'adinin da asid. Ƙauyukan da ke gefensa sun daɗe suna kukan rijiyoyinsu da gonakinsu.

Litiyam kuma hanya biyu ake samunsa. A hamadar Atacama ta ƙasar Chile, ɗaya daga wurare mafi bushewa a duniya, ana zuƙo ruwan gishiri daga ƙarƙashin ƙasa a shanya shi a manyan kududdufai sama da shekara, rana ta shanye ruwan, kamar dai yadda ake yin gishiri a Bilma, sai dai nasu faɗinsa kilomitoci ne. Mazauna wajen suna rigima da kamfanoni a kan ruwa har gobe. Hanya ta biyu daga dutse ake fasa shi, kamar a Ostireliya. Da kuma, jama'a, a Najeriya.

Yauwa, nan nake so mu zo. Da ina jin labarin Kwango kamar labarin wata duniya. Yanzu ga shi a ƙofar gida. Ana haƙar dutsen litiyam a Nasarawa, da Kaduna, da Kwara, da Kogi. A watan Mayun 2024 aka buɗe masana'antar sarrafa shi a jihar Nasarawa, ta wani kamfanin ƙasar Sin. A watan Disambar shekarar, kamfanin dillancin labarai na AP ya fitar da rahoton ziyarar da ya kai ƙauyen Pasali a jihar, inda ya tarar da ramukan da ba su da lasisi, da yaran da ba su kai shekara goma ba suna zaune cikin ƙura suna tsintar dutse suna cika buhu, ba sa zuwa makaranta. Su wane ne ke cikin ramukan nan? Da yawansu da Hausa suke magana. Samari ne irinmu da suka tafi cin rani. Kowa a nan ya san wani da aka ce ya tafi wajen haƙar ma'adinai.

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mai motar a Landan ko Shanghai yana shaƙar iska mai kyau, kuma wallahi ba na yi masa baƙin ciki. Amma ƙurar dutsen tana huhun wani yaro a Nasarawa. Ƙurar irin wannan dutsen, in mutum ya daɗe yana shaƙa, tana taurara huhu, kuma ba ta da magani.

Mu 'yan Arewa bai kamata a ba mu labarin abin da haƙar ma'adinai ba bisa ƙa'ida ba take yi ba. A 2010, a Zamfara, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega, mutane sun samu zinare a cikin dutse. Suka riƙa kawo dutsen cikin gida ana dakawa ana niƙawa a tsakar gida, inda yara ke rarrafe. Ashe dutsen cike yake da dalma. Yara sama da 400 suka rasu, dubbai suka kamu da gubar. Sai da likitocin ƙungiyar MSF suka lura da yawan sababbin ƙananan kaburbura sannan aka gano abin da ke faruwa. A 2015 abin ya maimaitu a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu. Wancan zinare ne, na sani. Amma tsarin ɗaya ne: rami ba lasisi, dillali da kuɗi a hannu, talaka da yunwa, gwamnati kuma sai bayan an yi jana'iza. In kuka je Filato za ku ga kududdufan da haƙar kuza ta bari tun zamanin Turawa. Kuzar ta tafi Ingila, ramukan suna nan.

Kai, mu mutanen Wudil ma ba sai mun je ko'ina ba. Ruwan da ke wucewa ƙarƙashin gadar Wudil, na kogin Kano ne da na Challawa, sun haɗe a wajejen Tamburawa. Shekaru da dama masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa suna sakin ruwan sinadari da ke gangarawa cikin wannan kogin, kuma malaman jami'o'inmu sun sha auna ruwan suna samun sinadarai masu guba a ciki. Fatar da aka jeme tana tafiya Italiya a yi takalmi da jaka masu tsada. Wadda ta rataya jakar ba ta taɓa jin sunan Wudil ba. Mai kamun kifi da mai noman rani a bakin kogi su suka san farashinta. To abin da fata ta yi mana, shi batir yake yi wa mutanen Kolwezi da Baotou da Pasali.

Akwai kuma ɗaya ƙarshen igiyar. Mu ne a farko, wajen haƙa, mu ne kuma a ƙarshe, wajen zubarwa. Wa yake sayen sabuwar mota a cikinmu? 'Yar Kwatano muke saye. Hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin motoci miliyan 14 zuwa wasu ƙasashe, kuma Afirka ce ta karɓi kaso mafi tsoka. Mai ruwa biyun da yayana ya gani ta haura shekara goma. Wani ya mori ƙuruciyar batirin, shi zai gaji tsufansa. Ranar da ya mutu, ina za a kai shi? A ƙasashen da suka ƙera motar akwai tsarin mayar da batir ga kamfani. Mu namu tsarin shi ne ɗan gwangwan da guduma.

Na gani da idona. Kwanaki na tarar da wani yaro ɗan jari-bola a bayan layinmu ya fasa batirin sola, irin na dalma, ya tuntsurar da ruwan a ƙasa don ya rage nauyi, yana ɓamɓaro dalmar da hannu ba safa. Taku kaɗan daga wajen akwai rijiya. Na ce, "Ɗan'uwa, ka san abin da ke hannunka kuwa?" Ya yi dariya ya ce, "Yaya, kuɗi ne." Gaskiyarsa, kuɗi ne. Amma dalmar nan ita ce ta Bagega. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a ce ba ya cutarwa, kuma ta fi yi wa yara illa: tana taɓa ƙwaƙwalwa, yaro ya tashi ba ya gane karatu, a yi ta dukansa ana cewa daƙiƙi ne. Irin wannan batirin yana cikin kowace mota, yawancin masu ruwa biyun ma suna da shi, yana cikin babur, yana cikin shagon cajin waya, yana ƙarƙashin gadon wasunmu. Shi kuma babban batirin mai ruwa biyu wutarsa ta haura bolt 200, tana iya kashe bakaniken da bai san kansa ba, na litiyam kuwa in aka huda shi yana iya kamawa da wuta mai wuyar kashewa.

To me na gaya wa yayana? Na ce, "Yaya, in za ka saya, saya, amma da sharaɗi." Na farko, kada ya biya kuɗi sai ya je da wanda ya iya sa na'ura ya auna lafiyar babban batirin, domin in ya mutu bayan wata uku, ribar man shekara ce za ta tafi. Na biyu, ya tabbatar akwai bakaniken da ya san motar da kayan gyaranta kafin ya saya. Na uku, ya leƙa ƙarƙashi ya ga ko matatar hayaƙin da ke jikin salansa, wadda makanikai ke ce wa indomi, tana nan, don ana yawan cire ta a sayar saboda ƙarafa masu tsada da ke ciki, kuma motar da aka cire wa ita hayaƙinta guba ne ga duk wanda ke bayanta. Na kuma ce masa, in tasa motar lafiyarta ƙalau, gyaran inji da iskar taya daidai da rage gudun banza su ma suna rage mai, ba tare da an haƙa ko rami ɗaya ba.

Mu kuma da ba mu da mota, ga namu. Mataccen batir, na sola ne ko na babur, kada a fasa shi a gida, kada a zubar da ruwansa, kada a bar yara su yi wasa da shi. A mayar wa mai sayar da batir a cike yadda yake, a yi musanye. Wanda ke sana'ar gwangwan ko gyaran batir, ya wanke hannu kafin ya ci abinci, ya cire kayan aiki kafin ya ɗauki ɗansa. In ƙaninka ya ce zai tafi haƙar dutse, ba zan ce ka hana shi neman halak ɗinsa ba, na san halin da ake ciki. Amma ka gaya masa ya rufe hanci, a jiƙa dutse kafin a fasa, kada ya shiga ramin da ba a tokare ba, musamman da damina, kuma kada ya kawo dutse ko kayan aikin cikin gida.

Sannan akwai hukuma. Muna da NESREA tun 2007, aikinta ke nan, tilasta bin dokokin muhalli. Muna da ma'aikatar ma'adinai ta tarayya mai ba da lasisi. Duk ɗan siyasar da ya zo yana cewa litiyam ne sabon man fetur ɗin Najeriya, a tambaye shi: wa zai cike ramin? Ina ruwan wankin dutsen zai tafi? Wa zai auna jinin yaran garin? A tambayi mutanen Neja Delta yadda tsohon man ya bar su. Ku kuma ɗaliban jami'ar Aliko Dangote da ke nan Wudil, masu karanta injiniyanci da kimiyyar sinadarai, ga aikin kammala karatu a ƙofar makarantarku: gyaran batir, tattara matattu, auna ruwan kogi da na rijiyoyinmu. Motocin nan da kekunan lantarki zuwa za su yi, ko muna so ko ba ma so, kuma wanda ya iya batirinsu ba zai rasa abinci ba.

Ƙasa amana ce a hannunmu, kuma addininmu ya hana ka ji daɗi ta hanyar cutar da wani, ko da ba ka san sunansa ba. Yayana dai har yanzu bai sayi motar ba, yana jiran mai na'urar ya samu lokaci. Yadda ta kaya zan ba ku labari in sha Allahu.

Wanda ya taɓa tuƙa irin wannan motar, ko ya taɓa zuwa wajen haƙar ma'adinai, ya ba mu labarin abin da ya gani, za mu karanta a kashi na gaba. A tura wa direbobi da makanikai da masu sola. Allah ya tsare mana yaranmu da ruwanmu, ya ba mu halak mai albarka. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.